Yadda Za Ka Rage Shan Gas a Jirgin Ruwa Mai Injin Dizal

Mai jirgin da ke lodin kaya tsakanin Yauri da Malale, da mai haye da mutane a Ibi, duk sun san cewa gas ne ke cinye mafi yawan kuɗin da aka samu a tafiya. Dizal ya daɗe ba shi da tallafin gwamnati a Najeriya, kuma tun 2022 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Matatar Dangote ta fara fitar da nata a 2024, amma bai koma yadda yake a da ba. Farashin gidan mai ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka shi ne lita nawa jirgin zai sha kafin ya kai inda za shi.

Bayanin nan na manyan jiragen katako ne da na ƙarfe masu inji a ciki, waɗanda ke tura ruwa da ƙirjinsu. Ƙananan jiragen gudu masu tashi a saman ruwa lissafinsu daban ne.

Fara da awo

Yawancin matuƙa sun san jarka nawa suke zubawa a rana, amma kaɗan ne suka san lita nawa ke tafiya a kowace kilomita, alhali wannan ce lambar da ke nuna riba. Samo farar jarka mai lita 5 wadda ake ganin cikinta, ka yi mata zane a kowane rabin lita. Cire tiyon da ke kai mai ga inji daga tanki ka sa shi a jarkar. Idan injin yana da tiyon da ke mayar da rarar mai, shi ma ka sa shi a cikinta, in ba haka ba awon zai nuna maka shan da bai faru ba.

Zaɓi wurare biyu da ka sani masu nisan kilomita 2 zuwa 3, ka ɗauki lodin da ka saba. Je ka dawo, totur yana buɗe gaba ɗaya, sannan ka sake da shi a kashi uku cikin huɗu, sannan a rabi. Wayar da ke da taswira za ta ba ka nisa da gudu. Zuwa da dawowa dole ne, domin gudun ruwa da iska su biya kansu. Raba litar da aka sha da kilomitocin da aka yi, ka rubuta. Aikin rabin yini ne, kuma duk gyaran da za ka yi nan gaba da wannan lambar za ka gane ko ya yi amfani.

A matsayin ma'auni, lafiyayyen injin dizal yana shan kamar lita 0.2 zuwa 0.25 a awa kan kowane ƙarfin doki da yake fitarwa. Inji mai ƙarfin doki 20 da ke aiki iya ƙarfinsa bai kamata ya wuce lita 4 zuwa 5 a awa ba. Idan naka ya kai 7, akwai inda man yake bi.

Hannun da ke kan totur

A nan mafi yawan kuɗin yake, kuma ba sai ka sayi komai ba.

Jirgi mai tura ruwa yana tayar da igiya a goshinsa da bayansa. Duk sa'ad da gudu ya ƙaru, igiyar na ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa. Daga nan bayan jirgin ya zauna cikin kwarin igiyar, goshi ya ɗaga, ya zama kamar mai tura amalanke a kan tudu: ƙarfin da aka ƙara duk yana ƙarewa a tayar da ruwa. Kowane jirgi yana da wannan iyaka, kuma tsawonsa ne ke yanke ta. Auna tsawon ɓangaren da ke taɓa ruwa da mita, nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan tsawon, sai ka ninka ta da 4.5. Jirgi mai mita 9 iyakarsa kilomita 13.5 ce a awa, mai mita 16 kilomita 18, mai mita 25 kuma 22.5. Gudun da ya fi sauƙin mai yana wajen kashi uku cikin huɗu na iyakar, ko ƙasa da haka.

Dalili na biyu yana wajen farfela. Ƙarfin da take nema ba ya tafiya daidai da juyinta, ya fi shi saurin hawa nesa ba kusa ba. In ka rage juyin inji da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin da ake buƙata yana sauka da kusan kashi 27. A ce tafiyar kilomita 40 ce, kana yin 16 a awa, injin yana shan lita 8 a awa. Awa biyu da rabi ke nan, lita 20. Ka sassauta zuwa 14.5 a awa, shan zai sauko wajen lita 5.8 a awa, tafiyar ta zama awa biyu da minti 45, man ya tsaya a lita 16. Minti 15 ka bayar, ka karɓi lita 4. Lissafa wannan a ranakun kasuwa na wata guda.

Ko babu waya ana ganewa. Duba baya: idan ruwa yana tasowa yana bin jirgi da babbar igiya, bayan jirgin kuma ya nutse fiye da yadda yake a tsaye, ka wuce wuri. Ja totur baya a hankali har igiyar ta kwanta, ka sa alama da fenti a daidai wurin. Wannan alamar ta fi yi wa yaron jirgi faɗa kullum, musamman in shi ne ke tuƙi kai kana gida. Tseren riga wani jirgi isa mashaya don kwashe fasinja kuwa, sau da yawa man da aka ƙona ya fi kuɗin kujerun da aka samu.

Hawan ruwa yana da nasa hukunci. A gangara, kogi yana ba ka gudu kyauta, don haka rage totur sosai, ka bar abin da zai sa sitiyari ya ji kawai. A hawa kuwa, sassautawa fiye da kima asara ce, domin awannin da injin zai yi yana aiki za su ƙaru. Don sanin gudun ruwan, ɗauki bambancin gudunka a gangara da a hawa da totur ɗaya, ka raba biyu. Kada gudun da waya ke nuna maka a hawa ya gaza rabin gudun ruwan. A Kwara da Binuwai ruwa ya fi ƙarfi a bayan kwana, ya fi sanyi a cikinta, sai dai cikin kwanar ne yashi ke taruwa. Ruwa marar zurfi shi ma yana riƙe jirgi: za ka ji injin ya yi nauyi, igiyar baya ta girma. In ka shiga irin wurin, rage gudu, ƙara totur ba ya fitar da kai da wuri.

Farfela

Farfela ce ke mayar da gas tafiya, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Kullum kafin a tashi, a shafa ta da hannu, injin yana kashe. Zaren koma, leda, ko saiwar kainuwa da suka naɗe a sandar da ke juya ta suna cin ƙarfi, zaren kuma yana yanka robar da ke hana ruwa shiga. A tafkin Kainji, inda kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun gina madatsar a 1968 suke nan har yanzu, lanƙwasar fiffike abu ne na yau da kullum. Ƙaramin tsagu a baki ana gyara shi da magagari. Fiffiken da ya lanƙwashe a kai wa mai gyara ya daidaita dukkansu a kusurwa ɗaya. Buga shi da guduma a kan dutse yana barin jijjiga, jijjiga kuma tana cinye boris.

Sai girmanta. Duba farantin da ke jikin inji, za ka ga juyin da aka ƙayyade masa. A injunan China masu silinda ɗaya da suka cika kasuwa, yawanci 2200 ne a minti. Da lodin da ka saba, buɗe totur gaba ɗaya ka auna da na'urar auna juyi ta hannu, wadda makanikan janareto da yawa suke da ita. Idan injin ya tsaya nesa da lambar yana baƙin hayaƙi, farfelar ta yi masa girma, yana shan man da ba ya iya ƙonawa. Idan ya kai lambar cikin sauƙi amma jirgin ba ya tafiya, ta yi ƙarama. Ga jirgin kaya, babbar farfela mai juyawa a hankali, ta hanyar giya mai rage juyi zuwa rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ta fi ƙarama mai saurin juyi tura ruwa da mai kaɗan. Haɗa sanda kai tsaye da inji yana da arha ranar haɗawa kawai. A kuma tabbatar farfela ta nutse sosai, in tana jan iska daga sama, juyin banza take yi.

Ƙasan jirgi da nauyi

Gansakuka da ƙananan katantanwa da ke manne wa katako suna ƙara gogayya. Duk bayan 'yan makonni a jawo jirgi bakin yashi a goge shi da burushi mai tauri, a rage tudun kwalta da aka lafta wurin toshe ɓaraka. Ruwan da ke kwance a cikin jirgi lodi ne da ba ya biyan kuɗi: lita 200 nauyin manya uku ce. A kwashe kafin tashi, a toshe inda yake shiga. A raba kaya yadda jirgi zai zauna daidai, kada goshi ya soke ruwa, kada baya ya ja.

Lodi fiye da kima ba ya rage kuɗin mai kamar yadda ake zato, domin jirgin da ya nutse sosai yana tura ruwa mai yawa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana shi, ta kuma hana tafiyar dare. Haɗarin da ya auku kusa da Warra a jihar Kebbi a Mayun 2021 ya nuna inda abin yake kaiwa.

Abin da hayaƙi ke faɗa

Baƙin hayaƙi gas ne da bai ƙone ba. Fara duba matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta cikin kwanaki. In tana da tsabta, farfela kuma daidai take, to nozul ce. Nozul mai kyau tana fesa mai kamar hazo, wadda ta gaji tana ɗiga. A kai ta wurin masu gwajin famfo da nozul su gwada a na'ura su saita ta yadda littafin injin ya ce. Kada ka yarda a buɗe sukurun da ke iyakance mai a jikin famfo da sunan ƙara ƙarfi. Hayaƙi yake ƙarawa.

Farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa a cikin mai ko saitin lokacin feshi ya kauce. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi sun ci. A riƙa saita bawul da canza baƙin mai bisa awannin da littafi ya faɗa. Injin da ke da na'urar daidaita zafi kada a cire masa ita, domin yana ƙona mai da kyau ne in ruwansa ya kai digiri 80 zuwa 90. Barin inji a silo ana jiran fasinja na tsawon awa ɗaya yana shan mai, yana kuma tara dauɗa a nozul. Minti uku zuwa biyar sun isa ɗumama shi.

Bi tiyo daga tanki har nozul da busasshen tsumma. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya fi lita ɗaya da rabi a awa goma, maganinsa kuma wosha ce ko maɗaurin tiyo.

Man da kake saya

Gas ɗin 'yan bumburutu a bakin ruwa ya fi tsada, kuma ba ka san abin da aka haɗa masa ba. Masu jirage uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayo duro a gidan mai. Kafin ka zuba, ɗebi kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti goma. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa. Man da ya yi duhu-duhu kamar da hazo a ciki, akwai ruwa a gauraye. Lita 20 ta gas tana da nauyin kilo 16.5 zuwa 17 ban da jarka. In ta gaza haka, ko awo bai cika ba, ko an sirka da kalanzir. Kalanzir ba shi da santsin da famfo da nozul suke buƙata, yana cinye su a hankali, kuma kuɗin sabon famfo ya fi duk wani rangwamen da mai sayarwa zai yi maka.

Duro ya kwana a tsaye kafin a ɗiba, a inuwa, bakinsa a rufe. A ja mai daga kamar santimita 10 sama da gindinsa, ta mazurari mai raga. Kada a yi amfani da tsumma mai zubar da zare, kada kuma a ajiye gas a mazubin kwano mai ruwan tutiya, domin yana narkar da ita ta je ta toshe nozul. Sa kofin raba ruwa da mai tsakanin tanki da fita, wato matatar mai, ka zubar da abin da ya taru a ƙasansa kowace safiya. Baƙar laka mai yauƙi a cikin fita alama ce ta ƙwayoyin da ke rayuwa a inda ruwa da gas suka haɗu. Canza fita kaɗai ba ya korar su, sai an sauke tanki an wanke.

Cika tanki da yamma maimakon da safe, domin tankin da ya kwana rabi yana tara raɓa a ciki. Wurin lissafin man tafiya kuma, raba shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye saboda iska, kainuwa ta tare hanya, ko jan wani jirgin da ya lalace.