Yadda za ka auna ko canza wa jarumi launin fata a fim ya ɓata labari ko bai ɓata ba

Duk sanda aka saki tirelar wani babban fim na Amurka aka ga jarumin da aka sani fari ya dawo baƙi, ko aka ji wai wane da muka sani tun a littafi yanzu an mai da shi mai neman jinsinsa, sai gardama ta kaure, wasu na cewa an ɓata musu abin da suka taso da shi wasu na cewa ai dama lokaci ya yi, kuma in ka bincika yawancinsu ba wanda ya kalli fim ɗin tukuna. Ni abin nan yana damuna sosai don ina son labari, kuma ina jin zafin a wulaƙanta shi, ko daga masu shirya fim ne ko daga mu masu kallo. To ga hanyar da nake bi kafin in ce an yi daidai ko an yi ɓarna.

Ka fara da komawa tushe, ka duba me marubucin ya rubuta da hannunsa, kar ka dogara da hoton da ke kanka. Lokacin da The Hunger Games ya fito a 2012 mutane da yawa sun yi ta ɓaɓatu wai me ya sa aka ba Amandla Stenberg, yarinya baƙa, matsayin Rue, alhali a littafin Suzanne Collins ɗin an faɗa ƙarara cewa Rue fatarta mai duhu ce, su ne dai suka karanta suka tsallake wurin suka zana farar yarinya a ransu. Haka Nick Fury, gaskiya ne tun 1963 farar fata ne a littattafan zane na Marvel, amma a farkon shekarun 2000 kamfanin da kansa ya sake zana shi da kamannin Samuel L. Jackson, shekaru kafin ya leƙo a ƙarshen Iron Man a 2008. Ka ga a nan ba 'yan fim ne suka fara canjin ba.

In ka tabbatar canji aka yi da gaske, sai ka yi tambayar da a wurina ta fi kowace nauyi: wane aiki launin fatar nan yake yi a cikin labarin? Ka cire shi a ranka ka ga ko ginin zai tsaya. T'Challa na Black Panther sarkin Wakanda ne, ƙirƙirarriyar ƙasar Afirka da ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba, duk rigimarsa da Killmonger a kan abin da aka yi wa baƙar fata a duniya take, in ka mai da shi Bature ba abin da ya rage. Othello na wasan kwaikwayon Shakespeare ma haka, baƙo ne mai duhun fata a tsakiyar manyan Venice, kuma wannan baƙuntar ce Iago ya kama ya yi ta murzawa har ya hallaka shi. Waɗannan launinsu ginshiƙi ne, ba a taɓa shi.

Amma dubi Red na The Shawshank Redemption na 1994. A labarin Stephen King farar fata ne mai tushen Ayalan, a fim kuma Morgan Freeman ne ya hau matsayin, kuma yau da wuya ka samu wanda zai ce ya so a ce wani aka ba, saboda abin da labarin ke buƙata daga Red shi ne tsohon ɗan kurkuku da ya cire rai da fita, mai muryar da za ta riƙe ka awa biyu da wani abu, ba fatarsa ba. Ariel ta The Little Mermaid ma da aka yi ta tashin hankali a kanta da Disney ta ba baƙar fata Halle Bailey matsayin a fim ɗin 2023, 'yar ruwa ce fa, halitta ce ta tatsuniya, kuma jan gashin da ake ta kuka a kansa katun ɗin 1989 ne ya kawo shi. A asalin tatsuniyar da Hans Christian Andersen ya rubuta a Denmark a 1837 ko auren yariman ba ta yi ba, wata ya aura, Disney ce ta juya ƙarshen gaba ɗaya kuma ba mu ji an yi zanga-zanga ba. Duk mai cewa amanar asali yake karewa, to ya kamata wannan ya fi ci masa rai fiye da fatar yarinyar.

Daga nan sai ka duba ko da suka canza sun ɗauki nauyin abin da canjin ya jawo, don nan ne ake gane gwani. Misalin da na fi so daga Indiya yake, Omkara na Vishal Bhardwaj da ya fito a 2006, Ajay Devgn da Kareena Kapoor da Saif Ali Khan. Othello ne aka ɗauko aka dasa a Uttar Pradesh cikin 'yan daban siyasa, ba baƙar fata ko ɗaya a ciki, amma daraktan ya gane cewa abin da ke cin Othello shi ne jin cewa ana masa kallon wanda bai isa ba, sai ya mai da Omkara wanda ubansa Brahmin ne, ajin da ke sama a wurin 'yan Hindu, uwarsa kuma daga ƙasƙantaccen aji, wato ya nemo irin ciwon a cikin al'adar mutanensa. Launi ya tafi, ciwon yana nan, shi ya sa labarin ya tsaya da ƙafarsa. Wannan shi ne canji mai hankali, ba a ɗauki jarumi a shafa masa sabon fenti a bar komai yadda yake ba.

Kuma ka sani wani lokacin canjin yana shigo da ma'anar da ba a gayyace ta ba. Da aka sanar a 2025 cewa Paapa Essiedu, ɗan Ingila mai tushen Ghana, shi zai fito a Snape a sabon shirin Harry Potter na HBO, akwai masu ƙorafi da wariya ce kawai ke cin su, amma akwai masu tambaya ta gaskiya, don a littafin akwai wurin da James Potter, uban Harry, da abokansa, tun suna yara, suka rataye Snape a sama da sihiri ƙafa sama kai ƙasa suna masa dariya a gaban 'yan makaranta, to in yaron baƙi ne su kuma farare 'ya'yan gata, hoton ya zama wani abu daban, dole marubutan su san yadda za su yi da shi. Irin wannan tambayar ka saurare ta, kar ka haɗa ta da ta masu zagi.

Mudun da ka auna da shi kuma ka riƙe shi ko da canjin ta ɗaya gefen ya zo. An daɗe ana yi a Hollywood da Ingila, Laurence Olivier baƙin fenti ya shafa ya fito a Othello a 1965, The Last Airbender na 2010 ya ba fararen yara matsayin da katun ɗinsa ya gina kan al'adun Asiya da Inuit, Scarlett Johansson ta ja Ghost in the Shell na Japan a 2017, sannan a Doctor Strange na 2016 dattijon Tibet ɗin nan Ancient One ya koma Tilda Swinton, abin da daga baya shugaban Marvel Studios Kevin Feige ya yarda kuskure ne. Sai dai ka tuna 'yan wasan Asiya da baƙaƙe ba su da manyan matsayi da yawa tun farko, in aka ƙwace ɗaya asarar ta fi girma.

Batun neman jinsi kuwa tambayoyin ba su canza ba, sai dai ka ƙara ɗaya: abin yana cikin jinin labarin ne ko talla ce aka liƙa? J.K. Rowling, marubuciyar Harry Potter, a 2007 ta faɗa a New York cewa Dumbledore, shugaban makarantar da ke labarin, maza yake so, bayan littafi na ƙarshe ya riga ya fito kuma ba inda aka rubuta hakan a fili. Da aka zo aka furta shi a fim ɗin Fantastic Beasts na 2022, daƙiƙa shida kacal aka yanke don a nuna shi a Chaina, fim ya ci gaba kamar ba a taɓa shi ba. Abin da za a cire cikin daƙiƙa shida ba a gina komai a kansa ba. A Star Trek Beyond na 2016 an nuna Sulu da miji, aka ce wai karramawa ce ga George Takei da ya fara fitowa a matsayin tun shekarun 1960, shi kansa Takei mai neman jinsinsa ne kuma bai ɓoye ba, amma ya fito ya ce bai ji daɗi ba, ya fi son a ƙirƙiro sabon jarumi a bar Sulu yadda Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiri Star Trek, ya yi shi. Abin da za ka bari a kalla a gidanka wannan hukuncinka ne bisa addininka da tarbiyyar 'ya'yanka, ka duba shekarun da aka ƙayyade wa fim ɗin ka karanta bayaninsa kafin ka kunna, amma ka raba wannan da zagin ɗan wasan da aiki kawai aka ba shi.

Shawarar Takei ɗin nan ma ma'auni ce, ka tambayi kanka ko da sabon jarumi aka yi da ya fi. Miles Morales, sabon Spider-Man da aka ƙirƙira a 2011, ubansa baƙar fata uwarsa 'yar Puerto Rico, ba Peter Parker, Spider-Man na asali, aka canza wa launi ba, nasa gida gare shi a Brooklyn da nasa iyaye da tasa damuwa, kuma katun ɗinsa na 2018 har Oscar ya ci.

Bayan duk wannan sai ka zauna ka kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, ba tirela ba, ba guntun bidiyon da aka turo maka a WhatsApp ba, ka lura a wane minti ne ka daina ganin fatar ka fara ganin mutumin. In har aka tashi ba ka daina ba, ka koma ka duba wasan jarumin da rubutun da aka ba shi, wanne ne ya gaza a ciki.