Kurakuran jeren kicin da na gaji da gani

Kwanan baya aka kira ni jeren ɗiyar yayata a wani ɗan gida mai ciki da falo a Kano. Kicin ɗin, in mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya rakuɓe kafin ɗayan ya juya. Amma ga abin da aka sauke daga mota: firij mai ƙofa biyu, firiza kwantacciya, kukar gas mai baki biyar, injin wanki, na'urar ɗumama abinci, blenda har biyu. Na ce, "Yaya, an auna kicin ɗin kuwa?" Ta ce, "Auna me? Ai ango ya ce da girmansa." Ango kuwa bai taɓa dafa ko ruwan shayi a ciki ba.

Nan ake fara ɓata lamarin. Ana shiga kasuwar Sabon Gari a sayo kaya don ganin ido, don kada 'yan kallon ɗaki su ce an yi wa yarinya ƙwauro, sannan a zo ana neman inda za a cusa su. Tef ɗin tela ya ishe ki. Fara da faɗin ƙofa, domin abin da bai shiga ƙofa ba babu maganar inda zai zauna. Kuka mai baki huɗu yawanci santimita 50 ce ko 60, mai baki biyar kuwa takan kai 90, kuma bambancin nan shi ne wurin tsayuwarki. Firiza kwantacciya sama murfinta yake buɗewa, in akwai kabad a bango a samanta kin gama. Firij kuma in kika manna gefen da ƙofarsa ke lanƙwasawa da bango, ƙofar ba za ta wage ba, durowar kayan miya ta ƙasa ba za ta fito ba har abada.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne matse firij a lungu, domin ni ya taɓa ci. Shekarar da na tare, 'yan jere suka tura min firij har ya taɓa bango, kuka a manne da gefensa, aka ɗora kwalin kuloli a kansa, aka lulluɓe da leshi. Ya yi kyau ƙwarai a ido. Ba wanda ya gaya min cewa firij zafin da ya kwaso daga cikinsa ta baya da gefe yake fitarwa, kuma in iska ba ta ratsawa sai injinsa ya yi ta aiki babu hutu. Ga zafin bazara na Kano da ke wuce digiri 40, ga wutar kuka tana gasa masa gefe safe da yamma. Nakan ji shi yana gurnani dare da rana, na ɗauka ƙarfin aiki ne. In na dafa gefensa kamar na taɓa dutsen guga.

Ya zaɓi ranar da zai mutu: kwana biyu bayan layya. Cinyar rago guda, da hanta, da rabon da surukata ta aiko, duk suna ciki. Mun tafi yawon Sallah muka kwana a gida, da muka dawo tun daga bakin ƙofa wari ya tare mu. Mai gyara ya zo, ya jawo firij ɗin, ya nuna min ƙura da yanar gizo sun toshe bayansa kamar bargo, ya ce, "Hajiya, ke kika shaƙe shi." Kwamfuresa, wato injin da ke sa shi sanyi, ta ƙone. Kuɗin gyaran bai yi min ciwo kamar bayanin da na yi wa surukata ba.

Tun daga nan ƙa'idata ɗaya ce: sai tafin hannuna ya shiga tsakanin firij da bango a kwance, baya da gefe, kuma ba na ɗora masa komai a ka. Tsakaninsa da kuka sai an sa wani abu, ko da ɗan teburin yanka albasa ne. In kicin ɗin bai ba da wannan ba, firij ya koma falo. Na san wasu za su ce ƙauyanci ne. Su ce. Duk ƙarshen hunturu kuma ina jawo shi in share bayansa da busasshen tsumma.

Sai wuta. Yawancin ƙananan gidajen haya soket ɗaya ne a kicin, sai a sayo ekstenshan mai araha a jera masa firij, butar lantarki, na'urar ɗumama abinci da blenda. Ku yi lissafi mana, jama'a! Soket ɗinmu mai baki uku amf 13 yake ɗauka, a wutarmu ta bolt 230 wajen wat 3,000 ke nan. Butar lantarki kaɗai takan ja wajen 2,000, na'urar ɗumama abinci fiye da 1,000. Kin kunna biyun tare, kin kai iyaka, balle siririyar wayar ekstenshan da ba ta kai soket ɗin ƙarfi ba. Warin roba da kike ji ba daga maƙwabta yake ba. Kafin a shigo da kaya a kira mai wayarin ya ƙara soket biyu a bango, sama da teburin kicin, nesa da famfo. Firij a ba shi nasa shi kaɗai, da sitabilaiza, don kowa ya san yadda wutarmu ke zuwa, yau ta yi ƙasa gobe ta zo da hauka. Ni butata ba ta taɓa ganin ekstenshan ba.

Tukunyar gas kuma, don Allah ku daina kulle ta a kabad ɗin ƙasa don kicin ya yi tsaf. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, a rufaffen kabad kuwa taruwa zai yi yana jiran ashana. In da hali a huda bango a ajiye tukunyar a waje cikin inuwa, in babu a bar ta a tsaye a fili kusa da ƙofa. Mai kilo 12.5 ta ishi amarya da ango, ni ma ita nake amfani da ita. Duk sanda aka sake ɗaura tiyo ina shafa masa ruwan kumfar sabulu, in ya yi ƙwai-ƙwai to yana yoyo.

Sauran ƙanana ne. Kada a sa labule a tagar da ke saman kuka. Firij ɗin da aka kwantar a mota a bar shi a tsaye kafin a kunna, ni kwana guda nake ba shi. Na'urar ɗumama abinci ba a kan firij take zama ba, a kafa mata katako a bango daidai ƙirji, kada miya mai zafi ta kwaro miki a fuska. Abin da ba kya taɓawa sai Sallah-Sallah, irin injin gasa burodi da manyan kuloli, ya tafi saman wadirof. A bar wa turmi da taɓarya wurinsu, ranar da babu wuta su ne blendar.

A gidan ɗiyar yayata, bayan an kusa ɓalle ƙofa, kukar mai baki biyar ta koma shago aka musanyo mai huɗu da ciko. Injin wanki ya tafi bayan gida. Firizar tana nan a lungun falo, Yaya ta dage sai da aka shimfiɗa mata leshi a kai, na ce na yarda, muddin bai sauko ya rufe ramukan iskar da ke gefenta ba.