Ga masu tafiya aikin rani a Gashaka-Gumti

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga wasu suna shirin tafiya aikin sharar hanya da rakiyar baƙi a gandun dajin Gashaka-Gumti, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona.

Don Allah kada ku tafi da tufafi baƙaƙe ko shuɗaye. Ƙudan tsando waɗannan launukan yake bi, kuma cizonsa yana ratsa yadi mara kauri. Ni shekarar farko da shuɗiyar riga na shiga, kafin sati bayana duk ya yi rudu-rudu. Ku nemi kaki ko ruwan ƙasa, mai dogon hannu, mai kauri. Safe da yamma a bakin kogi ma a rufe jiki, akwai ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu kawo makanta.

Kuɗi, maganin zazzaɓi da batirin tocila ku gama da su tun a Serti, garin da hedikwatar gandun take, ciki sai ka yi kwanaki waya ba sabis. Garinku da ƙuli-ƙuli ku sa a bokiti mai murfi ku ɗaure, gwaggon biri ba ya barin leda.

Wanda aka tura wajen dutsen Chappal Waddi ya riƙe bargo. Tsayinsa mita 2,419 ne, sanyin dare can ba wasa.