Yadda Ake Lissafin Nisa da Awannin Tafiya Daga Legas Zuwa Guangzhou

Duk ɗan kasuwar da zai tashi daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya, ya kamata ya yi lissafin tafiyarsa da kansa kafin ya biya kuɗin tikiti, domin lokutan da ake rubutawa a jikin tikiti suna ruɗar mutane da yawa.

A fara da nisa. Tsakanin Legas da Guangzhou akwai kimanin kilomita 11,700 a miƙe, amma da yawan 'yan kasuwarmu ta Addis Ababa suke bi, wato zango biyu ke nan: kusan kilomita 3,900 zuwa Habasha, sannan kusan 8,000 zuwa Sin. Babban jirgin fasinja yakan ci kilomita 850 a awa ɗaya idan ya daidaita a sama. Sai a raba nisan kowane zango da 850, a ƙara rabin awa saboda tashi da sauka. Zangon farko zai ba da awa biyar, na biyu kuma awa goma, jimilla awa 15 a sama.

Inda ake yawan kuskure shi ne bambancin agogo, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar natsuwa. Kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Agogon Sin yana gaban na Nijeriya da awa bakwai. A ce tikiti ya nuna tashi ƙarfe 1 na rana daga Legas, sauka ƙarfe 3 na rana washegari. Wanda bai sani ba zai ƙirga awa 26, alhali idan ya cire bakwai, 19 ne suka rage, kuma idan ya sake cire 15 na sama, zai gane cewa zaman jira na awa huɗu ne ke gabansa a Addis Ababa. A dawowa kuwa, ƙara bakwai ɗin ake yi. Na taɓa ganin iyalan wani maƙwabcina a Agege sun kwana riƙe da waya cikin zullumi saboda rashin wannan ɗan lissafi. Mai tafiya gabas ya kuma lura cewa lokutan salla za su riƙa riskarsa da wuri.

Wannan ƙiyasi ne, domin iska da rufe sararin samaniya suna canja shi. Legas zuwa Jidda kimanin kilomita 4,200 ne, wato awa biyar da rabi, amma da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023, sai da jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Idan lissafi ya nuna jiran tsakiya bai kai awa biyu ba, shawarata a nemi wani tikitin, domin jinkiri kaɗan a Ikeja ya isa ya sa jirgi na biyu ya tashi ya bar mutum da kayansa.