Yadda za ku fahimci gwajin kumburi na yaro mai galahanga

Aikina ɗibar jini da auna shi a ɗakin gwaje-gwaje. A 'yan shekarun nan iyayen yara masu galahanga kan zo mana su ce a duba musu "kumburin" da suka ji an ce shi ke hana yaro magana. Zancen yana da tushe, sai dai an kai shi inda bai kai ba.

A 2005 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun duba ƙwaƙwalwar wasu masu galahanga bayan rasuwarsu, suka tarar ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa a tashe suke. Daga baya aka auna jinin yara a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, aka ga wasu sinadaran da garkuwar jiki ke aika saƙo da su, irin su IL-6, sun ɗan fi yawa. Amma wannan lissafin taron yara ne. Wani mai galahanga nasa daidai yake, wani kuma lafiyarsa lau amma nasa ya hau. Har yau babu gwajin jinin da ke tabbatar da galahanga. Da kallon halayen yaro likita ke gane ta.

To mene ne amfanin gwajin? A ganina, amfaninsa ɗaya ne, kuma babba: yaron da ba ya iya cewa "kunnena" ko "cikina", jininsa na iya nuna cewa wani abu na cinsa.

Kafin ku zo wurinmu, ku fara ganin likitan yara. Ku tafi da takarda da kuka rubuta abin da ya canza: yaushe ya fara buga kai ko cizon hannu, yaya barcinsa, kwana nawa bai yi bayan gida ba, ko yana ƙin tauna da gefe ɗaya. Taurin bayan gida da ruɓewar haƙori sun yi yawa ga waɗannan yaran, kuma sau da yawa ƙiwa ake ɗaukarsu. Ku faɗi duk maganin da yake sha, har da na gargajiya.

Gwajin da aka fi rubutawa shi ne CRP. Hanta ke yin wannan sinadarin, yana fara hawa cikin 'yan awoyi da kamuwa da cuta, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, ya sauka idan an warke. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar ƙasa da 5 ko 10 mg/L a matsayin daidai. Ku duba ma'aunin da aka buga a gefen takardarku. Idan ya hau, a ƙasarmu maleriya za a fara zargi, sai ciwon kunne, maƙogwaro ko mafitsara. Amma CRP ba ya faɗin inda ciwon yake.

ESR kuwa, wani gwajin kumburi da ke auna saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini a kwalba, yana da nawa wajen hawa da sauka. Ƙarancin jini na ɗaga shi, sikila na danne shi, don haka ku gaya wa likita idan yaron sikila ne. A ƙidayar fararen ƙwayoyin jini, idan nau'insu da ake kira iyosinofil suka yi yawa, a nemi tsutsar ciki ko borin jini. Feritin, gwajin da ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, shi ke yawan ruɗa mutane: yaron da ba ya cin komai sai biskit da shayi yana iya rasa sinadarin ƙarfe, amma kumburi ya ɗaga lambar ta fito kamar lafiya. Shi ya sa na fi son a auna shi tare da CRP.

Ranar ɗibar jini, ku nemi lokacin da babu cunkoso, ku zo masa da abin da ya saba riƙewa, uwa ta rungume shi a cinya. CRP ba ya buƙatar a hana shi abinci.

Abin da nake roƙonku ku guje wa: duk mai tallar gwajin garkuwa mai tsada sannan ya sayar muku da maganin "wanke kumburi". Kada a ɗora yaro kan prednisolone, maganin da ke danne kumburi da garkuwar jiki, ba da umarnin likita ba. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu a Amurka wajen allurar cire ƙarfe daga jini da sunan maganin galahanga. Kuma kada ku dakatar da rigakafi. A 2019 binciken Denmark kan yara sama da 650,000 bai sami alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da galahanga ba.