Sassaben Zamani: Yadda Manoman Gari Ɗaya Za Su Raya Itatuwan Gona Tare

Sassaben zamani, wato rainon tohon kututturan itatuwa a gona maimakon share su, ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Idan kai kaɗai ka bar itace a gonarka, mai neman makamashi da mai neman ganyen awaki duk wurinka za su nufa, kafin damina biyu sun share shi. Tun daga 1983 da aka fara shi a Maraɗi, aikin ya bazu har ya kai hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, kuma daga bakin manomi zuwa kunnen maƙwabcinsa ya bi. Kowane itace da ya girma yana zuƙe iskar kabon mai ɗumama duniya, ya ajiye ta a gangar jikinsa da saiwarsa.

Ku fara da gonaki masu iyaka da juna, ko da goma ne. A zauna gaban mai gari tun da rani, kafin sharar gona, a kafa kwamitin sa ido. A sa mata a ciki, don su ke neman itacen girki. A kira arɗo, don dabbobinsa ne za su ratsa bayan kaka. Haka mutanen Ɗan Saga a yankin Agye suka yi, nasu ya ɗore. A yanke tara a bainar jama'a, a kuma fayyace cewa itace na mai gona ne, domin ba wanda zai yi wahalar rainon abin da ba nasa ba.

Ranar gayya, a bi gona ana duba kututturan da suke toho: kalgo, sabara, magarya, aduwa, gawo. Don farawa a zaɓi kamar 40 a hekta guda, wato tazarar taku ashirin tsakaninsu. A kowane kututture a bar toho uku zuwa biyar, masu ƙarfi kuma miƙaƙƙu, a cire sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kada a wuce haka. Itacen da aka aske ƙwal iska ce za ta karya shi. Addar ta zama mai kaifi, a sara daga ƙasa zuwa sama. Saran da ya fito daga sama yana ɓare ɓawo, gara da ciwo su samu ƙofa. Sai a ɗaura tsumma ja don kowa ya san yana da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida a koma a sake gyara.

Gawo ya fi kowa cancantar gata: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi taki.

Kada a gina ƙungiya a kan tallafi. A farin 1984 an ba mutanen Maraɗi abinci don su bar itatuwa, da rabon ya ƙare aka sare mafi yawansu. Waɗanda suka ci gaba su ne suka ga amfanin da idonsu. Don haka a shekara ta biyu ku gayyaci ƙauyen maƙwabta lokacin da iskar farkon damina ke binne shuka da rairayi, su tsaya a bayan kalgo su ga geron da ya tsira.