Yadda ake auna tsohon gini a adana kamanninsa kafin a rasa shi

Duk wanda ya shiga harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya zarce ɓangaren gine-ginen gargajiya, zai tarar da kwaikwayon Masallacin Juma'a na Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Asalin masallacin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, an yi masa babban sauyi a shekarun 1970, wani sashe nasa kuma ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023. Abin da ya sa aka iya tayar da kamarsa a Jos shi ne wani masanin gini ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, da mataimakansa 'yan Najeriya sun riga sun auna shi sun zana shi tun yana nan yadda yake. Babbar kasuwar Taminus ta Jos kuwa gobara ta cinye ta a watan Fabrairun 2002. A Legas, gidan Ilojo Bar yana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa tun 1956, amma hakan bai hana a rushe shi a watan Satumban 2016 ba. Doka kaɗai ba ta tsare gini. Don haka in akwai tsohon soro, ko masallaci, ko gidan dutse na zamanin haƙar kuza a unguwarku, a Gangare ne ko Dilimi ko Bukuru, ku auna shi tun yau. Mutum uku da kwana biyu sun isa gida matsakaici.

A fara da neman izini wurin mai gida ko magada, sannan a sanar da mai unguwa. A faɗa musu ƙarara cewa ba sayen gida aka zo yi ba, ba kuma daga ofishin filaye ake ba, domin da zarar mutane sun ga tef a jikin bango sai hankalinsu ya tashi. In gidan iyali ne, a tafi da mace cikin tawagar, ita za ta shiga cikin gida ta yi awon ɗakunan da maza ba sa shiga.

Kayan aikin ba su da tsada: tef na mita 30 da ƙarami na mita 5, igiya, alli, zare mai ɗaure da ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarshensa, siririn tiyo mai garai-garai kamar mita 10, takarda mai ƙananan gidaje irin ta 'yan makaranta, fensir (biro yana zuba in takarda ta jiƙe), tocila, da sanda mai tsawon mita ɗaya cif wadda aka yi wa fenti baƙi da fari kowane santimita 10. Wayar hannu ta isa ɗaukar hoto.

Kada kowa ya sa ƙafa cikin ɗaki kafin a duba rufi. A haska azara da tocila, a ƙwanƙwasa ta da sanda daga bakin ƙofa. Lafiyayyar azara tana amsawa da ƙarfi, wadda gara ta cinye kuwa sai a ji ta holoƙo, garin ƙasa yana zubowa. In tsakiyar rufi ya yi ciki, ko akwai tsaga da ta biyo bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, ko gindin bango ya jiƙe ya kumbura, a yi awon ɗakin daga waje. Ruwan Jos ya fi na Kano yawa, kuma ginin ƙasa ya fi ruftawa a kwanakin da suka biyo bayan mamako, lokacin da rufi ya sha ruwa ya yi nauyi. Mafi kyawun lokaci shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ƙasa ta bushe, hazo bai sauko ya dusashe hotuna ba.

Aiki na farko shi ne zanen hannu. A zagaya gidan, a zana fasalinsa kamar an cire rufi ana kallo daga sama, ba tare da awo ba tukuna. A ba kowane ɗaki lamba, zaure 1, shigifa 2, haka har ƙarshe, a rubuta lambar da alli a gefen ƙofa. A sa kibiya mai nuna arewa. Wannan lambar ita za ta bi kowane awo da kowane hoto.

Sai layin daidaito, wanda mafi yawan masu farawa suke tsallakewa, su yi nadama daga baya. Daɓen tsohon gida ba ya taɓa zama daidai. Wani ɗaki ya nutse, wani an yi masa ciko sau uku. In ka auna tsayi daga ƙasa, kowane ɗaki zai ba ka ƙarya daban. A cika tiyo da ruwa, a tabbata babu kumfar iska a ciki, domin kumfa ɗaya tana iya karkatar da awo da santimita biyu ko uku. A yi alama a jikin ƙofar zaure kamar mita ɗaya daga ƙasa. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo yadda saman ruwan zai tsaya daidai kan alamar, ɗayan ya kai ɗaya bakin wata kusurwa, a jira ruwa ya natsu, a yi alama daidai inda ya tsaya. Haka za a bi ɗaki ɗaki. Daga nan duk tsayi daga wannan layi ake auna shi, sama zuwa rufi, ƙasa zuwa daɓe.

Wajen auna tsawon bango, a kafa bakin tef a kusurwa ɗaya, a ja shi har ƙarshe, a riƙa karanta lamba ba tare da an ɗaga shi ba: farkon taga 1.20, ƙarshenta 1.85, farkon ƙofa 2.60. In ana auna gutsure-gutsure ana haɗawa, ƙananan kurakurai suna taruwa, bangon mita 12 sai ya fito da rarar tafin hannu. Mai karatu ya faɗa da ƙarfi, mai rubutu ya maimaita. Sannan a kowane ɗaki a auna daga kusurwa zuwa wadda take fuskantarta a karkace, duka biyun. Maginin gargajiya da ido da taku yake aiki, ɗakinsa ba kasafai yake fita murabba'i sosai ba, kuma waɗannan awo biyu su ne za su nuna ainihin karkatarsa a kan takarda.

Bangon tubali yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. A auna kaurinsa a bakin ƙofa ko taga a wuri uku: gindi, kan layin daidaito, da can sama. A saki zare mai nauyi daga saman bango, a auna tazarar da ke tsakaninsa da bango a sama da ƙasa, don a san ko sirancewar gini ce ko kuwa bangon ya fara jingina.

Bakan gizo shi ne inda gwanintar magini take, shi ne kuma ya fi wuyar kamawa. A ɗaure igiya tsantsan daga ƙafar bakan ɗaya zuwa ɗayar a kan layin daidaito, a yi mata alama kowane santimita 25, a auna daga kowace alama miƙe zuwa cikin bakan. Waɗannan lambobi su ne za su fitar da lanƙwasar yadda take. Kada a ɗauka rabin da'ira ce. Inda yaɓe ya ɓare azara ta bayyana, a ƙirga layukanta, a auna tsawon kowace, a zana yadda aka ɗora wata kan wata. Magini da zai sake ginawa wannan yake nema fiye da komai. In rufin ɗaurin guga ne, wato wanda bakuna suka gitta juna a ƙarƙashinsa, a nuna inda bakunan suka haɗu. A waje kuma a ƙirga zankwaye da indararo, a sa kowanne a mazauninsa.

A mayar da awon kan takarda a ranar, tun ana kusa da gidan. Santimita 2 a takarda ya tsaya a madadin mita 1. In layuka suka ƙi haɗuwa, akwai lambar da aka karanta ba daidai ba, gobe da safe sai a koma a sake.

Hoto kuma yana da ƙa'ida. A tsaya daidai tsakiyar bango, waya a miƙe, sandar awo a jingine a jiki, lambar ɗaki tana fitowa. Kada a jawo hoto da yatsa, a matsa da ƙafa. Zanen ado na jikin bango ba ya fita da tsakar rana. A ɗauke shi da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske yake zuwa daga gefe yana fitar da inuwar kowane layi. Bayan haka a zagaya ginin ana ɗauka taku biyu-biyu, kowane hoto ya maimaita kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Da irin waɗannan ne manhajar kwamfuta take iya haɗa siffar gini sukutum. In za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya goge kwanan wata da wurin da aka ɗauka.

A rubuta abin da yake kashe ginin. Yawanci ɗaya ne cikin waɗannan: indararo ya toshe ruwa ya kwanta a rufi, an daina yaɓen shekara da makuba, kwata tana bin gindin bango, ko an shafe ginin ƙasa da siminti. Na ƙarshen nan yana ba mu takaici ƙwarai, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Siminti yana tsagewa, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, ƙasa ta narke a ɓoye, waje kuwa sumul. A gidajen dutse na Turawan kuza, a duba tsatsar kwano da katakon da ke ƙarƙashinsa. Kowace tsaga a ja layin fensir a ƙarshenta, a rubuta faɗinta da kwanan wata, a dawo bayan wata guda.

Sannan a zauna da dattawa. "Baba, wa ya gina nan? A zamanin wane sarki? Daga ina aka ɗebo ƙasa? Wane ɗaki aka ƙara daga baya?" A nemi izini a naɗi murya, a bambanta abin da mutum ya gani da idonsa da abin da aka ba shi labari. A tambayi tsofaffin hotunan biki da na suna, sau da yawa bangon da ya riga ya faɗi yana nan a bayan amarya. Lokacin da maginan Tumbuktu suka sake tayar da hubbarorin waliyyai da aka rusa a 2012, da tsofaffin hotuna da awo da bayanin dattawa suka yi aiki, suka kammala a 2015.

In rushewa ta tabbata, a roƙi mai gida ya bari a cire ƙyaure, ginshiƙi, allon rubutu da tubali biyu ko uku, a sa wa kowanne lambar ɗakinsa kafin ya bar wurin. A yi kwafi uku na komai: ɗaya ga iyalin gidan, ɗaya a buga a takarda a sa a leda nesa da gara, ɗaya a miƙa wa gidan tarihi na Jos, wanda yake ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa mai hedikwata a Abuja. A shafin farko a rubuta sunan unguwa da layi, ranar awo, ma'aunin da aka yi amfani da shi, da inda aka kafa alamar farko ta layin daidaito.